Agwagwar Lyon da Humrar Inna

Asabar: daga Montreuil

Na fito daga gidan Hajiya Zinatu ƙarfe shida da minti ashirin, bayan sallar asuba, gari bai waye ba. Ƙarshen Satumba ne, sanyi ya fara leƙowa. Hajiya ƙawar Inna ce tun suna 'yan mata a Damagaram, 'yar kasuwa ce, a wajenta nake zaune a Montreuil, gefen Paris, tun da na zo karatun tarihi.

Wajen Yaya Lawali za ni. Ina da shekara tara ya bar gida, yanzu ina da ashirin da uku. Da farko yakan yi waya, daga baya wayar ta ja baya, bayan rasuwar Baba kuma ta ɗauke gaba ɗaya. Sai dai saƙo a bakin mutane: yana lafiya, yana aiki a wani kantin turare. Ranar da zan taso Inna ta riƙe hannuna a zaure, ta ce: "Ki gan shi da idonki, Dije. Ki ce masa muryarsa nake so, ba wani abu ba." Na yi shekara ina tambaya, sai wani Alhaji mai atamfa a unguwar Goutte d'Or ta Paris ya faɗa mini sunan titi da lambar ƙofa a Lyon. Ya ce, "Ki je da rana, 'yata. Ki kuma je da haƙuri." Ban tambaye shi dalili ba, tambaya ba ta yi mini sauƙi.

Tun jiya da yamma Hajiya ta karɓe kayan da zan sa, ta kai su baranda saboda ƙararrawar hayaƙi, ta turara su a kan kasko da turaren wutar Inna. Da safe kuma ta ɗauko kwalbar humrar da Inna ta ba ni in kai wa Yaya, ta buɗe, ta shafa mini a wuya da bayan kunne.

"Hajiya, ai nasa ne."

"Ɗan ɗigo ne, ba zai ƙare ba. Shekara goma sha huɗu, ki je gaban yayanki kina warin metro? 'Yar mai humra guda? Allah ya kiyaye."

Na kama metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na tara, na sauya a Nation, na sake sauyawa a Place d'Italie. Ƙarfe bakwai da minti goma ina Porte d'Italie.

Kan hanya

Jirgin ƙasa ranar Asabar ya fi ƙarfin aljihun ɗaliba, don haka na nemi mai mota da zai tafi Lyon yana neman abokan raba kuɗin mai, yuro talatin kowane mutum. Direban dattijo ne mai ritaya, Mushe Bernard, wato Malam Bernard a bakin Faransawa, zai je ganin jikokinsa. A baya akwai saurayi da abin sauraro a kunne, wanda ban ji muryarsa ba har muka rabu. Ni aka ba gaba.

Ba mu fita daga Paris ba Mushe Bernard ya yi atishawa sau biyu, ya ɗan sauke gilashi.

"Madmazel, wannan turare na ƙasarku ne?"

"E. Mahaifiyata ke haɗawa. Ku yi haƙuri in ya dame ku."

"A'a, a'a! Yana da daɗi. Sai dai matata za ta tambaye ni wa na ɗauko."

Na sunkuyar da kai. Da ina da wayo, da tun nan na gane.

Daga Paris zuwa Lyon kilomita ɗari huɗu da sittin da wani abu ne, hanya shimfiɗaɗɗiya, ba rami ko ɗaya. A shingen biyan kuɗin hanya na farko jandarmomi biyu suna tsaye. Hannuna ya tafi kan takardar izinin zamana tun kafin a tambaya, don ban manta layin da na bi a Bobigny kafin in same ta ba. Ba su ko kalle mu ba. Mun tsaya sau ɗaya bayan Auxerre, na sayi burodi da kifin gwangwani da shayi mai zafi, yuro shida da rabi, shayin kuwa ruwa ne mai launi.

Bayan Beaune gonaki suka sauya. Layi-layi na gajerun itatuwa a jikin tudu, mutane sunkuye da kwanduna a baya. Mushe Bernard ya ce girbin inabi ake yi, na giya. Ni kuwa girbin gero na tuna, yadda a daidai wannan lokaci ake shigowa da dammuna a amalanke ta ƙofar gidanmu, Yaya ya ɗora ni a wuyansa in gani. Abin da nake tunawa da shi ke nan sosai: ƙeyarsa daga sama, da kunnuwansa da nake riƙewa. Fuskar sai na duba hoto.

Cunkoso ya riƙe mu a ramin da ke ratsa dutse kafin shiga gari. Ƙarfe ɗaya saura kwata aka sauke ni a tashar Perrache.

Lyon: ƙofar da ba kanti ba

Na taka a ƙafa ta bakin kogin Saône kamar minti ashirin. Na sami titin, na sami lambar, amma ba kantin turare ba ne. Gidan cin abinci ne ƙarami, mai jan labule da tebura goma sha biyu. Na wuce ƙofar sau biyu ina duba lambar, kana na tura.

Yana can ƙarshen ɗakin ya ba ni baya, da baƙin ƙyalle ɗaure a ƙugu. Ƙeyar na gane. Yana tsaye kan wani teburi na miji da mata, da kwalba siririya a hannunsa, yana magana da Faransanci mai laushi. Na ji matar tana cewa ai ita ta san agwagwa da jar giya ake cin ta. Ya ce haka ne in an gasa ta da gishiri kawai, amma ta yau da zuma da citta da ɓawon lemo aka dafa, ja za ta yi faɗa da zumar. Ya zuba 'yar farar giya kaɗan a kofin gilashi mai doguwar ƙafa, ya juya shi, ya kai hanci.

Sai ya tsaya.

Ya sake kai hanci. Ya sauke kofin. Ya ɗaga kai yana shaƙar iskar ɗakin kamar wanda aka kira sunansa daga nesa. Ya juyo a hankali.

"Inna?" Da Hausa ya faɗa, a gaban Turawa.

"Ni ce, Yaya. Dije."

Ban san abin da na zaci zai yi ba. Bai rungume ni ba. Ya dube ni, ya dubi kwalbar hannunsa, ya mayar da ita bayansa kamar yaron da aka kama. Mijin nan ya ce, "To, me kake ji a cikinta?" Yaya ya sake ɗaga kofin, ya ce, "Ku gafarce ni, Mushe. Ba na jin komai."

Wata tsohuwa gajera mai farin gashi ta fito daga bayan kantar gidan, ta karɓi kwalbar, ta yi wa baƙin barkwanci, kana ta kama gwiwar hannuna ta ratsa da ni ta kicin zuwa wani ɗan tsakar gida a baya inda ake ajiye akwatunan kwalabe. Ita ce mai gidan, Madam Odile.

"Ke ƙanwarsa ce, ga goshin nan. Saurara, yarinyata. Turarenki ya fi duk abin da ke cikin ɗakin ajiyata, amma ba zai zauna a ɗakin cin abincina ba. Hancin yayanki shi ne rabin gidan nan, kin kuwa toshe shi. Teburi na huɗu ma sun ce kifinsu na ƙamshin coci."

Na yi ta ba da haƙuri har ta gaji ta kawo mini kujera da farantin dankali da koren wake. A nan na koyi cewa masu wannan aiki ba sa shafa turare, ko sabulu mai ƙamshi ba sa wanka da shi. A gidanmu kuwa shiga wajen babba ba turare rashin kunya ne.

Yaya ya fito bayan an watse, ya zauna kan akwati. Muka gaisa gaisuwa cikakkiya, kamar baƙi: gajiya, hanya, karatu, Hajiya, sanyi. Ya tambayi Yaya Rabi da yaranta. Ya tambayi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu. Inna ce kaɗai bai tambaya ba.

"Ka ce kantin turare," na ce, idona a ƙasa.

"Ban yi ƙarya duka ba, Auta. Da hanci nake ci." Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Wanke kwanuka na fara a nan, ba takardu. Wata rana an buɗe kwalbar giya, ina bakin famfo na ce ta lalace, tana warin jiƙaƙƙen kwali. Madam ta ji. Ita ta yi mini takardu, ita ta tura ni makaranta."

"Kana sha?"

"Ina shinshinawa, in kurɓa, in tofar. Ban ce miki halas ba ne. Na san abin da malamai suka faɗa a kan mai ɗauka da mai zubawa, na fi ki sani, don kullum da shi nake kwana." Ya miƙe. "Ga makulli. Ki yi wanka, don Allah, ki sa kayan nan a leda ki ɗaure. Ina da aikin yamma."

Masauki

Gidansa yana unguwar Croix-Rousse, kan tudu, hawa na biyar ba lif, sai matakala. Ɗaki ɗaya ne mai dogon rufi, irin na masaƙan siliki na da, an yi masa ɗan bene na katako a ciki inda gado yake. Ya bar mini gadon. Ɗakin ba ya ƙamshin komai. Ban taɓa shiga ɗakin ɗan Damagaram na ji haka ba. Akwai darduma a naɗe bayan ƙofa, gefenta ya suɗe. Akwai hoton Baba. Babu na Inna, amma a kan kantar ɗakin akwai ƙaramin kasko na ƙasa irin na gida, wanda ko sau ɗaya wuta ba ta taɓa ba.

Na yi wanka da sabulunsa marar ƙamshi. Kwalbar humrar na naɗe ta cikin leda uku, na tura ƙasan jaka. Ban gaya masa da ita na zo ba.

Lahadi: kasuwa

Lahadi ba ya aiki. Ƙarfe tara muka gangara kasuwar bakin kogi. Ya ce duk Lahadin ƙarshen wata Madam Odile takan zo cin abincin yamma a wajensa, tun rasuwar mijinta, kuma yau agwagwa zai dafa, don ta jiya ban ci ba, ba yankan Musulmi ba ce. Muka sayi zuma, lemo, pear guda huɗu, wani ɗan itacen Turawa ɗan'uwan tuffa, da ɗanyar citta. Yana ɗaga kowane abu ya kai hanci kafin ya dubi farashi. Haka Inna ke yi a kasuwar Dole ta Damagaram, har masu kajiji su ce, "Hajiya, ki bar mana ƙamshin ko kaɗan."

Daga nan muka ƙetare koguna biyu zuwa Guillotière, unguwar Larabawa da baƙaƙe. Mahaucin Balarabe ne, ya san shi.

"Lawali! Agwagwa kuma? Wannan ce amaryar?"

"Ƙanwata ce, kai dai yanka. Ƙirji uku, ka bar kitsen."

"Ƙanwa! Shekara goma kana zuwa nan, na zaci daga ƙwai ka fito."

A wani kanti na 'yan Senegal ya tsaya gaban buhunan zoɓo. Ya wuce ja, ya tona wani ƙaramin buhu a ƙasa, ya ɗebo farin zoɓo, irin wanda ake miya da shi.

"Na me?"

"Naki. Madam na da abin shanta. Ke ba za ki ci agwagwata da ruwan famfo ba."

Lahadi da yamma: teburi

Na zauna kan matakalar benen katako ina kallonsa. Ya tsattsaga kitsen ƙirjin da wuƙa, layi kan layi, bai taɓa tsokar ba. Ya kwantar da su a kaskon suya mai sanyi kafin ya kunna wuta, wai don kitsen ya narke a hankali. Ya haɗa romo da zuma da ruwan lemo da citta. Ban tambaya ba ya ɗauko wani ɗan gwangwani ya barbaɗa, hancina ya gaya mini yajin ƙuli ne.

Sai ya jera kwalaben giya biyu a kan teburi, duka farare. Ɗaya daga kudancin Lyon kaɗan, inda gonakin ke rataye a kan kogi. Ɗaya doguwa siririya daga Alsace, can gabashin Faransa. Ya ɗanɗani romon, ya shinshini ta farko, ya girgiza kai.

"Wannan mai kunya ce, irinki. Tana da ƙamshi, amma yajin nan zai yi magana ya rufe ta." Ya shinshini ta biyu. "Wannan kuwa ba ta tsoron kowa. Kitsen agwagwa nauyi gare shi, yana son abin da zai ɗaga shi. Zuma na son ɗan zaƙi ya tare ta, in ba haka ba abin sha ya koma ɗaci a baki. Citta kuma ta sami 'yar'uwarta a ciki."

Ban taɓa kofin ba, ban matsa kusa ba. Amma hanci ba shi da ƙofa. Daga inda nake na ji fure, na ji citta, na ji wani abu kamar kanumfari.

"Wa ya koya maka wannan?"

"A makaranta sunaye suka koya mini." Ya juya naman. "Kin tuna in Inna za ta haɗa turaren amarya, sai ta tambayi irin girkin gidan da za a kai ta? Gidan da ake yawan daddawa daban, gidan man shanu daban. Ina zaune gindinta ina riƙe mata kwalabe, Baba na cewa za ta mai da ni mace."

Ban tuna ba, ban kai ba lokacin. Amma na ce e.

Sannan ya koma kan nawa. Ya jiƙa farin zoɓon a ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, ya sa citta, ƙwayar kanumfari biyu, ɓawon pear. Ya tace, ya ɗanɗana da romon, ya ce tsamin ya yi tsaye da yawa, ya ƙara zuma. Ya sake, ya ce yanzu ya kwanta, ya matsa lemo. A karo na uku ya ɗiga ruwan wardi, ya rufe ido, ya gyaɗa kai. Ya sanyaya shi, ya zuba mini a sabon kofi mai doguwar ƙafa da ya ciro daga kwalinsa a gabana, don in san ba a taɓa zuba komai a ciki ba. Nasa kofin ma zoɓon ya zuba.

Madam Odile ta iso ƙarfe shida tana haki, tana tsine wa matakala. Ta shinshina ni a wuya ta ce, "Yauwa, yau ke mutum ce kamar kowa. Kash." Ta ci, ta kurɓi tata, ta ce Lawali bai taɓa kuskure a agwagwa ba. Sai ta miƙo hannu ta ɗanɗani nawa, ta daɗe da shi a baki.

"Shekara nawa kana gidana ba ka taɓa yi mini wannan ba?"

"Ba a taɓa tambaya ba, Madam."

"Munafuki. Za mu sa shi a takardar abinci."

Naman ja ne a tsakiya, da farko na ji tsoronsa. Na yanka, na ci, na kurɓi zoɓon. Ban iya bayani irin nasu ba. Kitsen ya cika baki, tsamin ya zo ya share, ƙamshin ya rage a baya, sai na ji ina son wata lomar. Na tuna Sallar layya, Inna na miƙo mana ruwan tsamiya bayan soyayyen nama, tana cewa ku sha ya sauka.

Da Madam ta tafi, rana ta faɗi amma da sauran haske a kan rufin gidaje. Muka yi magariba. Na hau sama na kwance leda uku.

"Inna ta ce in ba ka. Gobe ma ba ka aiki, hancinka zai huta."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya je bakin taga ya buɗe murfin, bai kai hanci kusa ba, ya bar ƙamshin ya zo da kansa. Yana lissafawa a hankali, ba da ni yake ba. Sandal. Kajiji. Farce, an soya shi daidai. Kanumfari.

Sai ya haɗe gira.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Inna."

"A'a. Miskin ya yi yawa, ya hau kan komai. Jiya ma na ji, na ce ko hayaƙin kaya ne. Inna da tsinke take ɗiga miski, Dije. Ta taɓa zubar da kwalba guda don ɗigo ɗaya ya wuce."

Ba a aiko ni da wannan maganar ba. A gida ma ba a faɗarta a gabanta.

"Ita ta haɗa, Yaya. Tun zazzaɓin da ta yi shekara biyu da suka wuce ba ta jin ƙamshi sosai. Tana ƙarawa har sai ta ji. Masu saye sun ragu. Yaya Rabi na gyarawa a ɓoye in ta samu, amma wannan Inna ta ce ba mai taɓawa, na Lawali ne."

Ya rufe kwalbar. Ya sake buɗewa. Ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ya yi ta riƙe ta a ƙirji.

"Ba wanda ya gaya mini."

"Ta wace hanya?"

Ban taɓa yi wa babba magana haka ba. Can ya ce, "In na kira, za ta tambayi aikina. Inna ba a yi mata ƙarya, ko ta waya tana jin warinta."

"Muryarka ta ce tana so. Ba ta ce aikinka ba."

"Za ta tambaya."

"To ta tambaya."

Na tattara kwanuka na wanke. Kofin Madam shi ya tashi ya wanke da kansa.

Litinin: komawa

Ya hana ni neman mota, ya saya mini tikitin jirgin ƙasa mai gudu na ƙarfe goma da 'yan mintoci daga tashar Part-Dieu. Ya cika mini gora da sauran zoɓon. A bakin jirgi na tambaye shi abin da zan faɗa wa Inna.

"Abin da kika gani. Ke mai tarihi ce, ba na son ki fara da ƙarya a kaina. Duk wanda ya tambaya ki gaya masa, na gaji."

"Ba ka da lambarta. Salula gare ta yanzu."

Ya miƙo wayarsa bai dube ni ba. Na rubuta, na duba lambar sau biyu. Bai ce zai kira ba, ni ma ban roƙa ba. Ya dafa kaina kamar ina 'yar shekara tara, ƙofa ta rufe.

Hanyar da ta ci mana awa biyar da rabi, jirgi ya cinye ta a biyu. Gonakin inabi sun wuce kamar an ja zane. Ni dai ina ta shirya magana. In ce yana aiki a gidan abinci in tsaya nan? In ce yana salla, na ga darduma? In fara da cewa bai rame ba? Duk wadda na jera sai in ji muryar Inna tana cewa, "Sai kuma me, Dije?"

Daga Gare de Lyon, tashar da na sauka a Paris, ban wuce gida ba, don in na zauna ba zan iya ba. Na tafi Goutte d'Or, shagon waya na wani ɗan Maraɗi inda kiran Nijar ya fi araha. Ya ba ni ɗakin kira na uku. Na buga. Layi a cike. Na jira, na sake. A cike.

"Malam, layin Damagaram na da matsala yau?"

"Lafiya lau yake, yanzu wata ta gama. Tsohuwa ce? Wataƙila ta danne wani abu."

Inna ba ta minti biyu a waya, takan ce kuɗin mutane ne. Na buga na Yaya Rabi. Ta ɗauka da raɗa.

"Dije? Ke me kika yi masa?"

"Wa?"

"Lawali mana! Tun ɗazu suke. Ta shige ɗaka ta turo ƙofa, ina nan bakin taga."

"Kuka take?"

"Ta yi ta gama. Da alama shi ma ya yi. Ya gaya mata wata magana, sai na ji ta ce wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, amma ba ta gama da shi a kai ba. Yanzu faɗa take yi. Tsaya." Na ji motsi, na ji kukan akuya, na ji muryar Inna can nesa, sama-sama. Yaya Rabi ta dawo tana danne dariya. "Wai ya ce mata miski ya yi yawa. Ta ce ɗan da bai zo jana'izar ubansa ba shi zai koya mata humra daga ƙasar Turawa? Ta ce in ya san ya yi yawa, ya zo ya riƙe tsinken da kansa."

"Me ya ce?"

"Ina zan ji? Kashe, Dije, kuɗinki na tafiya."

Na daɗe a ɗaki na uku bayan na ajiye, har mai shagon ya ƙwanƙwasa ya tambaya ko lafiya. Na ce lafiya.

Na isa Montreuil ƙarfe uku da rabi. Hajiya ta tare ni a ƙofa, ta shinshina ni, ta ce, "Wa ya wanke ki haka?" Na ce labarin da tsawo, bari in yi salla.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Hajiya Zinatu da ta turara ni fiye da kima, da Alhajin da ya nuna mini ƙofa, da Mushe Bernard da ya haƙura da atishawa, da Madam Odile da ta kore ni daga ɗaki ta ba ni kujera. Har yau da nake rubutu Yaya bai sayi tikitin gida ba, bai kuma bar aikin ba. Yana kira duk Juma'a. Wanda ya karanta wannan, ya sa mu a addu'a.